Launin Shekaru Ko Rinin Dare Ɗaya: Rikicin Amana A Kasuwar Tsofaffin Kwandaloli

A kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi ta Amurka, kana iya tarar da kwandalar azurfa guda biyu a kan teburi ɗaya. Duka an buga su a birnin San Faransisko a shekarar 1881, nauyinsu ɗaya, hoton jikinsu ɗaya, kuma babu wadda ta taɓa shiga aljihun wani. Ta farko fara ce tas, sai ƙyalli take yi, ana iya sallama ta a kan dala 200 ko ƙasa da haka. Ta biyu kuwa fuskarta ta rine: ruwan zinare daga gefe, sai jan garura, sai shuɗi, sai kore shar, launi na bin launi irin na bakan gizo. Wannan gwanjo ake kai ta, a yi ta tayi har kuɗinta ya shiga dubbai.

Abin da ya raba farashin nan wani ɗan siririn dafi ne da ya hau fuskar ƙarfen, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin silin gashi ba. Duk inda aka ce launi kaɗai na iya ninka kuɗin kaya sau goma, to ba za a rasa masu ƙirƙirar launin ba. Shekara da shekaru ke nan ana ja-in-ja tsakanin dillalai, masana sinadarai da masu tara kuɗin a kan tambaya ɗaya: wanda ya rina kwandala da hannunsa, ya yi a dare ɗaya abin da zamani ke yi a shekara tamanin, gwani ne ko ɗan damfara?

Yadda azurfa ke rinewa

Duk macen da ta taɓa ajiye awarwaron azurfa ta san yakan dafe. Dalili shi ne farar wuta. Akwai ɓurɓushinta a iska, a hayaƙi, a wasu takardu, a roba, a ulu, har a ƙwai da albasa. Idan ta haɗu da azurfa sai su haifar da wani sinadari da ke shimfiɗuwa a fuskar ƙarfen. In ya yi kauri, baƙi ne wuluk. Amma tun yana siriri, haske na ratsa shi: wani sashen hasken ya dawo daga samansa, wani ya nutsa ya dawo daga fuskar azurfar, su haɗu a hanya, wasu launuka su kashe juna, wasu su ƙarfafa juna. Irin abin da ido ke gani ke nan idan fetur ya ɗiga a kududdufi bayan ruwan sama.

Saboda haka launin yana da jeri, ba ya zuwa a hargitse. Dafi mafi siranta ruwan zinare yake bayarwa. Ya ƙara kauri, ya koma ja mai ratsin shunayya. Ya ƙara, ya zama shuɗi. Daga nan jerin ya sake zagayowa da wasu launuka masu kauri, har kore ya fito, kafin a ƙarshe komai ya dushe ya koma baƙi. Jan ƙarfe shi ma yana da tasa tafiyar, daga ja mai haske zuwa ruwan ƙasa, shi ya sa ake kasa kwabban Amurka gida uku wajen sa musu farashi: ja, tsaka-tsaki, da ruwan ƙasa. Zinariya kuwa ba ta cika damuwa da iska ba.

Gaskiyar da ke ƙarƙashin rikicin duka ita ce wannan: sinadarin da ya taru a hankali cikin shekara ɗari, da wanda aka tara cikin minti goma, abu ɗaya ne. Babu hatimin zamani a jikinsa.

Buhunan baitulmali

In ana maganar launi, kwandalar da ake fara ambata ita ce dalar Morgan, wadda ta ci sunan mai zanenta, George T. Morgan. An buga ta daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Nauyinta giram 26.73, kashi 90 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. Asalinta siyasa ce: masu haƙar azurfa a yammacin Amurka sun matsa wa majalisa, aka yi dokar Bland-Allison a 1878, wadda ta tilasta wa gwamnati sayen azurfa ta dala miliyan 2 zuwa 4 kowane wata tana buga kuɗi da ita. Jama'a kuwa, musamman a gabashin ƙasar, sun fi son kuɗin takarda, don kwandalar ta cika nauyi. Sai aka riƙa ɗura su dubu-dubu a buhunan zane mai kauri, ana jibgewa a ɗakunan ajiya na baitulmali. A ƙarƙashin dokar Pittman ta 1918 an narka fiye da miliyan 270 na dalolin azurfa, amma duk da haka miliyoyi sun ci gaba da kwanciya a duhu.

Can cikin buhunan zamani ya yi aikinsa. Kwandalar da ke tsakiyar buhu ta zauna fara. Wadda ta jingina da zanen, tana shaƙar farar wutar da ke jikinsa, ita ce ta rine. Wata har saƙar zaren buhun ta fito a fuskarta ɗigo-ɗigo. Wata kuma 'yar'uwarta ta rufe mata rabin fuska, sai launin ya fito mata kamar jinjirin wata. Tsakanin 1962 da 1964 aka buɗe ɗakunan, mutane suka yi layi a birnin Washinton suna canza takarda da buhunan azurfa, har gwamnati ta dakatar a watan Maris na 1964. Ragowar kusan miliyan 3, galibinsu bugun Carson City ta jihar Nevada, an sayar wa masu tarawa tsakanin 1972 da 1980.

Ba buhu kaɗai ke rini ba. Kundayen kwali da dillali Wayte Raymond ya yaɗa a shekarun 1930, masu ramuka da ake cusa kwandala a ciki, sukan rina ta daga baki zuwa tsakiya, zobe cikin zobe. Haka kwalayen da gwamnati ta riƙa sayar da jerin kuɗin shekara a cikinsu daga 1947 zuwa 1958. A Turai kuma akwai launin toka mai laushi da azurfa ke yi idan ta daɗe a aljihun tsohon kabad na katako. Kowane irin launi yana ba da labarin inda kwandalar ta kwana. Gwani na iya dubawa ya ce wannan 'yar buhu ce, wannan 'yar kundi ce, wannan a ambulan ta tsufa.

Zamanin da fari ne ado

Ba kullum aka ɗauki launi a matsayin kyau ba. An yi dogon zamani ana ganinsa datti ne, kowa so yake kwandalarsa ta yi fes. A 1922, wani attajiri Ba'amurke mai suna J. Sanford Saltus, babban mai tallafa wa ƙungiyar masana kuɗi ta New York, ya mutu a ɗakin otal a Landan yana cikin wanke tsofaffin kwandaloli da gubar sayanaid. Ya ɗauki kofin gubar ya kurɓa a zaton abin shan da ke kusa da shi ne. Sarki Faruk na Masar, wanda ya tara kuɗaɗe masu yawan gaske a zamaninsa, da aka yi gwanjon kayansa a Alƙahira a 1954 bayan an tuɓe shi, an tarar an goge da yawansu har sun lalace, wasu an shafe su da baranis.

Daga baya aka samu ruwan wanki mai sauƙi, haɗin asid da sinadarin tiyoyuriya. A tsoma kwandala na 'yan daƙiƙu, a ɗauraye, ta fito fara. Sai dai kowace tsomawa tana tafiya da wani ɓangare na fuskar ƙarfen, domin dafin nan azurfar ce da kanta ta rikiɗe. In aka maimaita sau da yawa, sheƙin asali da kwandala ke fitowa da shi daga injin bugu sai ya mutu, kuma ba ya dawowa. Miliyoyin kwandaloli sun bi ta wannan ruwa. Har yanzu akwai masu ra'ayin nan: masanin sinadarai Weimar White ya yi shekaru yana rubutu cewa launin da ake yabo lalacewar ƙarfe ce kawai, dangin tsatsa.

Wankin nan shi ya haifi kasuwar launi. Da fararen kwandaloli suka cika ko'ina, sai wadda ba a taɓa ba ta zama abin nema. Launi ya zama shaida cewa hannu bai kai gare ta ba. Farashi ya tashi. Masu wayo suka lura cewa shaidar ma ana iya ƙera ta.

Likitocin kwandala

Haka 'yan kasuwar ke kiran masu gyara fuskar kuɗi a ɓoye, kuma su ma hawa-hawa ne. Akwai 'yan koyo, masu rufe kwandala a mazubi da dafaffen ƙwai, ko su gasa ta, ko su busa mata hayaƙin taba, ko su shafa mata ruwan farar wuta irin na maƙeran kayan ado. Akwai masu naɗe ta a takardar goge hannu ta gidan abincin Taco Bell, wadda ta yi suna a tsakaninsu, su ajiye a taga rana na dukanta. Aikin waɗannan ba ya ɓuya: shuɗi da shunayya masu kashe ido, launi a hargitse, yana yawo a saman ƙarfen bai kama shi ba. Intanet cike take da irinsu, musamman a jikin dalar azurfa ta zamani da Amurka ta fara bugawa a 1986, wadda tsabar azurfarta ke sa ta saurin rinewa.

Sannan akwai ƙwararru, waɗanda suka san jerin launuka fiye da yawancin masu saye. Suna sarrafa iskar farar wuta, zafi da laima a cikin rufaffen akwati, har su kwaikwayi jinjirin wata da saƙar buhu. Aikinsu yakan wuce ta gaban idon masana ba a gane ba.

Ba kwaɗayin kyau kaɗai ke sa a yi rini ba. Sau da yawa launi mayafi ne. Kwandalar da aka goge da tsumma takan samu ƙananan zane-zane da ake gani idan an juya ta a haske. Dafi mai duhu yana rufe su. Wadda wanki ya kashe wa sheƙi, launi yana ɓoye mutuwar. Wadda aka cike wa rami ko aka goge wa tabo, rini ne ke haɗe wurin gyaran da sauran jikinta. A kasuwar kuɗin Rumawa da Girkawa ma haka abin yake: ana kankare tagulla har ƙarfe, a sake yi mata koren dafi na ƙarya, ko a manna mata jan rairayi don ta yi kama da wadda aka tono a hamada.

Alƙalan kasuwa

Don rage gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa aka kafa kamfanonin tantancewa. Ma'aunin da suke amfani da shi, daga 1 zuwa 70, ya samo asali daga littafin da William Sheldon ya wallafa a 1949. Ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka, ANA, wadda aka kafa a 1891, ta buɗe sashen tantancewa na ANACS a 1972. Sai PCGS a 1986, NGC a 1987. Kana aika musu kwandala, masanansu su duba, su ba ta maki, su rufe ta a kwanson roba mai lamba. Maki ɗaya tak, tsakanin 65 da 66 misali, na iya ninka farashi. A 2007 John Albanese ya kafa CAC, wanda ke sake duba aikin waɗancan, ya manna ɗan koren tambari a kan wadda ta gamsar da shi.

Game da launi, 'yan kasuwa na da haruffansu: NT ga na asali, AT ga na hannu. A da, in kamfani ya zargi launin kwandala, mayar maka da ita yake yi a leda ba maki. Yanzu ana rufe ta a kwanso, amma a rubuta cewa kuɗin na gaske ne, launinsa ne ke da alamar tambaya. A wajen PCGS lambar wannan hukunci 91. Masanan na duba abubuwa sanannu: ko launukan sun bi jerinsu, ko sun bambanta tsakanin tudu da kwarin zanen, ko akwai ɗan farin gurbi a gefen haruffa da taurari inda dafin asali kan tsallake.

Duk da haka ido ne ke hukunci, ido kuwa yana kuskure. Sananne ne a kasuwar cewa kwandala ɗaya kan sha ƙi yau, a fasa kwanson, a sake aikawa, gobe ta samu maki. Shi ya sa aka koma ga wani ma'auni mai santsi, wato ko kasuwa za ta karɓi launin. Tambayar yadda aka yi launin ya samu ta koma gefe, aka maye ta da tambayar ko ya yi kama da na gaske.

A 2010 kamfanin da ya mallaki PCGS ya kai ƙarar wasu dillalai a kotun tarayya a Kalifoniya, yana zarginsu da aiko masa da kwandalolin da aka gyara a ɓoye. Abin ya shafi aljihunsa kai tsaye, domin ya yi alkawarin biyan diyya idan kwandalar da ya ba maki ta zamo gyararriya, kuma wasu kayan gyaran sukan canza kama bayan shekaru a cikin kwanson, asiri ya tonu. A shekarar ce kuma ya sanar da na'urar da ke gano baƙin sinadarai a fuskar ƙarfe. Ƙungiyar manyan dillalai ta PNG ta sha muhawara kafin ta amince da ma'anar wannan laifi a 2012. Ta sa rinin ganganci don ƙara wa kwandala daraja a cikin laifin, amma ta ware launin da ya samu ta doguwar ajiya a kundi, ambulan ko naɗin takarda. Dokar Amurka kuwa, wadda aka yi a 1973 don kare masu wannan sha'awa, kwaikwayon kuɗi ta tilasta a yi wa alama. Ba ta yi maganar launin da aka sa wa kuɗin gaske ba.

Hujjar masu rini

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Suna cewa: kayana ne, da kuɗina na saya, wa zai hana ni rina shi? Suna cewa sinadarin ɗaya ne, kyan ɗaya ne, in har masanin da ya shekara talatin yana duba kuɗi bai iya bambancewa ba, me mai saye ya rasa? Suna kuma tambayar inda iyakar take. Ga mutum ya sayi tsohon kundin Wayte Raymond takanas don ya san yana rini, ya cusa fararen kwandaloli, ya ajiye a ɗaki mai zafi shekara goma. Niyyarsa ɗaya da ta mai dafaffen ƙwai, haƙurinsa ne kawai ya fi. Me ya sa nasa halal, na wancan haram? Shekara nawa ake buƙata kafin ganganci ya zama asali?

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ta wanki. Kasuwar da ke tsine wa mai ƙara dafi ita ce ke karɓar kwandalar da aka tsoma a asid aka cire mata dafi, a ba ta maki mai kyau, ba a rubuta komai a kwansonta ba. Har sassan gyara na hukuma kamfanonin tantancewar ke da su, NGC ta buɗe nata tun 2001. Alhali mai wanki ƙarfe yake ragewa. A nan masu rini sun faɗi gaskiya, kuma kasuwar ba ta da amsa mai gamsarwa.

Abin da ake saye

Amma duk hujjojin nan sun kauce wa wuri ɗaya. Mutumin da ya biya dala dubu uku a kan kwandalar dala ɗari biyu, ba shuɗi da kore ya saya ba, don da launi yake so da fenti ya ishe shi. Ya biya ne don ya yarda cewa abin nan ya kwanta a buhu tun zamanin kakannin kakanninsa, cewa a cikin dubu ita ce ta dace da jingina da zane, cewa ba za a iya yin wata irinta gobe da safe ba. Tarihi da ƙaranci ya saya. Launin magana yake yi, yana cewa na daɗe kuma ba a taɓa ni ba. Wanda ya ƙera launin ya miƙa kayan ya yi shiru, ya sa ƙarfe ya yi ƙarya a madadinsa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, bayan ta hana algus da yaudara da ɓoye aibi a ciniki, ta ƙara da wani ma'auni mai kaifi: bai halatta mai kaya ya ɓoye wani abu game da kayansa ba matuƙar faɗinsa zai sa mai saye ya ƙi, ko ya rage kuɗi. A ɗora rinin kwandala a kan wannan sikeli. In mai ita ya ce jiya na rina ta a akwati, farashin zai tsaya? Ba zai tsaya ba, shi ma ya sani, shi ya sa ba ya faɗa. Shirun nasa shi ne shaidar da ke kansa.

Akwai kuma hukuncin dabbar da aka ƙi tatsa kwanaki kafin a kai ta kasuwa don hantsarta ta cika. Nonon na gaske ne, ba a zuba ruwa ba, mai dabbar bai buɗe baki ya yi ƙarya ba. Duk da haka hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Wannan ya rushe hujjar cewa sinadarin ɗaya ne. Abu na iya zama na gaske a jikinsa, amma a shirya shi don ya sa wani ya zaci abin da ba shi ne ba.

Da wannan ma'auni tambayar shekara nawa ta rage nauyi. Mai kundin shekara goma, ya faɗi yadda ya yi, kasuwa ta sa farashin da ta ga dama. Mai wanki ma ya faɗi. Ba a buƙatar na'ura ta karanta niyya a jikin ƙarfe, domin mutum ɗaya ya san gaskiyar, shi ne wanda ya yi aikin.

Sai dai faɗin gaskiya sau ɗaya bai kashe maganar ba. Kwandala ta fi mai ita tsawon rai. Wanda ya rina ta don nishaɗi, ya sayar da arha, ya faɗa wa mai saye komai, ya fita haƙƙin wannan mutumin. Amma bayanin a bakinsa ya tsaya, launin kuwa ya tafi da kwandalar. Hannu na biyu ya manta, na uku ya yi shiru da gangan, na huɗu magaji ne da bai san komai ba, har ta isa gwanjo da suna mai kyau. Don haka mai son wasa da launi, ya yi a kan azurfar zamani da ake bugawa miliyoyi, kuma in zai fitar da ita, ya sa a rufe ta a kwanson da aka rubuta gaskiyarta. Tsohuwar kwandala mai wuyar samu kuwa amana ce a hannun mai ita. An riga an daina buga ta, adadinta raguwa kawai yake yi, kuma rinin da aka yi mata ba ya fita sai da wani wankin da zai ci fuskarta.

Masu saye ma suna da nasu kason. Muddin ana zuba dubban daloli a kan launi ba a tambayi inda kwandalar ta fito ba, ana ɗaukar nauyin likitocin ne. Kamfanonin tantancewa kuma, da suka koma ga abin da kasuwa za ta karɓa, sun buɗe ƙofar da ƙwararren mai rini ke shiga ya bar ɗan koyo a waje. Wanda ya fi iya yaudara shi ke cin riba.

Tsofaffin sulallan da ke gidajenmu

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba, domin azurfar Turai ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa. Dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta, ta ratso Sahara tare da fatake. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ana canza ta a kan wuri 2,500. Bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, aka fara buga sulallan azurfa masu hoton kwakwar manja a 1913. Da yawa maƙeran farfaru sun narka su sun yi mundaye da zobba, amma har yau akwai ragowarsu a adakar kakanni, tare da anini da kwabo masu huda.

Abin da mai irin wannan gado kan fara yi idan ya ji tana iya yin kuɗi shi ne ya nemo toka da lemon tsami, ko tsamiya, ya dirje ta har ta yi walƙiya. A idon masu tarawa, a nan ya zubar da mafi yawan darajarta. Duhun da ya goge shi ne takardar shaidarta. Wanda ya ga ta yi fari ya nemi mayar mata da tsufa ta hanyar hayaƙi ko ƙwai, ya ƙara ɓarna a kan ɓarna, kuma in ya sayar bai faɗa ba, ya shiga sahun da muke magana.

Hanyar da ta fi ita ce mafi sauƙi. A bar ta yadda aka same ta. A riƙe ta ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarta. A ajiye ta wuri busasshe, nesa da roba da hayaƙi. A rubuta a takarda daga wa aka gaje ta, a wane gari, da duk abin da aka san an taɓa yi mata, ko da wanki ne, a ajiye takardar kusa da ita don bayanin ya bi ta duk inda ta je. Ranar da za a sayar, a faɗi abin da aka sani duka, har wanda zai rage kuɗi. Ribar da ba ta samuwa sai mai saye ya jahilci kayan, haƙƙinsa ce aka ci.